Yadda Ake Jawo Intanet Mai Sauri Zuwa Gida Ba Tare da Layin Tarho ba

Gidan da ke da wayoyin hannu biyar, talabijin mai hawa intanet da kwamfutar ɗalibi guda, yakan kashe kuɗin data a wata fiye da yadda mai gidan yake zato, domin kowa nasa yake saye daban. Shi ya sa magidanta da yawa suke komawa ga intanet na gida, wato layi ɗaya mai ƙarfi da kowa zai hau ta Wi-Fi, wanda masu harkar ke kira burodban. Tambayar da ke biyo baya ita ce ko sai an mallaki layin tarho na girke kafin a samu irin wannan intanet. Amsar ita ce a'a. Sai dai rashin layin tarho yana canza abubuwa uku: hanyar da intanet zai bi ya shigo gidan, abin da zai faru idan an ɗauke wuta, da yadda za a yi kira ranar da ake cikin matsi. Wannan darasi zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya haɗa intanet da tarho tun farko

Lokacin da intanet ya fara shiga gidaje a shekarun 1990, wayar jan ƙarfe ta tarho ta riga ta isa yawancin gidajen Turai da Amurka. Maimakon a haƙa sababbin ramuka, sai aka ɗora intanet a kanta. Modem na farko yakan buga lamba kamar mai kira, saurinsa bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, kuma muddin ana intanet babu wanda zai iya kiran gidan.

Daga baya aka fito da fasahar ADSL. Injiniyoyi sun lura cewa muryar ɗan'adam ba ta cin komai a cikin abin da wayar za ta iya ɗauka, domin tarho yana amfani ne da zangon da ke tsakanin haz 300 zuwa 3,400 kawai. Duk abin da ke sama da wannan a banza yake zaune. Sai aka tura intanet ta zangon sama, aka bar murya a ƙasa, aka sa wata 'yar na'ura a bango tana raba su. Da haka ADSL ya kai megabit 8 a daƙiƙa, wanda aka inganta, ADSL2+, ya kai 24. Rauninsa shi ne nisa: gwargwadon nisan gida daga ofishin tarho, gwargwadon raguwar saurin.

Tun da wayar ta kamfanin tarho ce, dole mai son intanet ya biya hayar layi duk wata, ko da bai taɓa ɗaga kan tarhon ba. A nan ne tunanin cewa intanet na gida sai da tarho ya samo asali.

Yadda aka raba auren

Birtaniya misali ce mai kyau. Kamfanin Openreach, wanda ke kula da mafi yawan wayoyin sadarwa na ƙasar, ya daina sayar da sababbin layukan tarho na tsohon tsari a faɗin ƙasar a watan Satumba na 2023. An tsara kashe tsohon tsarin baki ɗaya a ƙarshen 2025, daga baya aka ɗage zuwa Janairun 2027. Gidan da fayiba ba ta kai gare shi ba yana iya samun intanet ta tsohuwar wayar jan ƙarfe ba tare da sabis ɗin murya ba, tsarin da suke kira SOGEA. Wanda har yanzu yake son lambar gida, sai ya jona tarhonsa a bayan rauta, muryar ta bi ta intanet. Wato abin ya juye: da intanet ne ke hawa kan tarho, yanzu tarho ne ke hawa kan intanet.

Najeriya kuwa tsallake wannan mataki ta yi. Kamfanin NITEL, da aka kafa a 1985, layukan da ke aiki a hannunsa ba su wuce kusan dubu 400 ba a lokacin da wayar salula ta GSM ta fara aiki a watan Agustan 2001, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Kafin ADSL ya samu gindin zama, jama'a sun riga sun koma salula, wayoyin NITEL kuma suka lalace. Daga ƙarshe aka sayar da kadarorinsa, kamfanin ntel ya taso daga cikinsu a 2016, shi ma da 4G ya fara. Saboda haka a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Maiduguri, duk wanda zai jawo intanet gida a yau zai bi ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu ne, kuma babu wadda ke buƙatar tarho.

Hanya ta farko: fayiba har cikin gida

Fayiba zare ne na gilashi mai kaurin kusan silin gashi, wanda ke ɗaukar bayanai a siffar haske. Kamfani yakan ja ta daga turken da ke layin unguwa zuwa wata 'yar na'ura a bangon gida da ake kira ONT, wadda ke mai da hasken siginar lantarki. Daga nan sai rauta ta watsa Wi-Fi. Wasu kamfanoni suna haɗa na'urorin biyu a akwati ɗaya.

Mafi yawan kamfanoni suna amfani da tsarin GPON, inda zare ɗaya mai ɗaukar kusan gigabit 2.5 na saukewa da 1.25 na turawa ake raba shi ga gidaje 32 ko 64. Nisan 'yan kilomitoci ba ya rage saurinta kamar na jan ƙarfe, ruwan sama ba ya damunta, kuma galibi babu iyakar data. A Najeriya akwai irin su ipNX, FiberOne, Spectranet da MTN a wannan harka.

Matsalarta biyu ce. Ta farko, ba kowace unguwa ta kai ba, domin shimfiɗa ta na da tsada, kuma jihohi na karɓar kuɗin izinin haƙa. An amince da naira 145 a kan kowace mita tun 2013, amma ba duka jihohi suka tsaya a kan haka ba. Ta biyu ita ce yankewa: aikin hanya, gyaran kwata ko ɓarayi na iya tsinke ta, unguwa guda ta zauna babu intanet har sai an zo an haɗa. Ga ɗan haya kuma akwai ƙarin abin dubawa, domin ba a naɗe fayiba a tafi da ita sabon gida.

Hanya ta biyu: rauta mai layin 4G ko 5G

Wannan ita ce mafi sauƙi. Akwati ne da ake sa wa layin SIM, a jona shi a wuta, ya kamo sabis daga ƙarfen sabis na unguwa ya raba shi a gida. Babu haƙa, babu jiran injiniya, kuma idan an tashi daga gidan sai a ɗauke shi a jaka. Layin da ke ciki shi ma sai an yi masa rajista an haɗa shi da lambar NIN kamar kowane layi.

MTN da Mafab ne suka ci gwanjon zangon 5G na gigahaz 3.5 a Disambar 2021. MTN ya fara aiki da shi a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023. Inda siginar 5G ke da ƙarfi, saurin yakan kai ɗaruruwan megabit. Sai dai zangon 3.5 ba ya tafiya nesa kamar ƙananan zangunan 4G, kuma bango mai kauri yana raunana shi. Rautar 5G a unguwar da 5G bai kai ba, 4G kawai za ta kamo, kuɗin da aka ƙara ya tafi a banza.

Abin da ya kamata a sani shi ne ƙarfen sabis na kowa ne. Ƙarfin da yake da shi ana raba shi ga duk wanda ya hau a lokacin. Shi ya sa rautar da ke gudu da hantsi takan yi nauyi bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya koma gida ya buɗe bidiyo. Haka kuma kalmar "babu iyaka" da ke jikin talla sau da yawa tana da sharaɗi: idan an kai wani adadin data, sai a rage saurin har ƙarshen wata.

Hanya ta uku: eriyar rediyo a saman gida

A nan kamfani yakan kafa babbar eriya a kan dogon turke ko bene, sannan ya ɗaura ƙaramar eriya a rufin mai saye, ta fuskanci babbar. Daga ita sai waya ta sauko zuwa rauta. Kamfanin Tizeti da ƙananan kamfanoni da dama a birane da wannan hanya suke aiki, kuma ofisoshi da shagunan buga takardu sun daɗe da saninta.

Sharaɗinta shi ne eriyoyin biyu su riƙa ganin juna. Bishiyar darbejiya da ta yi girma ko sabon bene da aka gina a tsakani sun isa su lalata sabis ɗin da ke aiki lafiya bara. Iskar farkon damina na iya karkatar da eriya, kuma ƙarfen da ya fi komai tsawo a gida yana jawo tsawa, don haka dole a haɗa shi da wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa.

Hanya ta huɗu: tauraron ɗan'adam

Tsofaffin taurarin sadarwa suna nesa da ƙasa da kilomita 35,786. Kafin saƙo ya hau ya sauko, amsa ta hau ta sauko, an ci fiye da rabin daƙiƙa, abin da ke sa hira ta bidiyo ta zama da wahala. Taurarin Starlink kuwa suna kewayawa ne a nisan kusan kilomita 550, don haka jinkirin ya ragu zuwa kimanin milisakan 25 zuwa 60, kusa da na 4G.

Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023. Gana ta samu a 2024, Nijar a 2025. Ga gona, asibitin karkara ko garin da babu ƙarfen sabis, wannan ce kaɗai hanyar da ba ta jiran kowa ya ja waya. Abin da take buƙata shi ne sarari a buɗe a saman farantin, babu reshe babu bango.

Ita ce mafi tsada wajen sayen kaya da kuɗin wata, kuma ta fi kowace cin wuta. Ruwa mai ƙarfi yana iya katse ta na ɗan lokaci. Sannan ita ma tana cika: a ƙarshen 2024 kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu rajista a wasu manyan birane, har da Legas da Abuja, saboda yawan masu amfani. A taƙaice, ta fi amfani inda mutane ba su da yawa.

Lissafin sauri da data

Kamfanoni suna tallan sauri da megabit, wato Mbps, amma girman fayil da megabait ake auna shi, wato MB. Bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Don haka layin Mbps 20 yana sauke MB 2.5 ne a daƙiƙa. Fayil mai GB 1 zai ɗauki kusan minti bakwai a kansa, a layin Mbps 100 kuwa daƙiƙa 80.

Bidiyo mai tsabta sosai yana buƙatar kimanin Mbps 5, mai ingancin 4K kuma 15 ko fiye. Taron bidiyo yana cin Mbps 3 zuwa 4, amma shi yana buƙatar ƙarfin turawa ma, ba na saukewa kawai ba. Idan aka tara, gida mai mutum biyar zuwa shida zai wadatu da Mbps 25 zuwa 30 na gaskiya. Tsarin burodban na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ma Mbps 25 ya sa a gaba ga birane, 10 ga karkara.

Yawan data shi ne inda aka fi yin asara. Bidiyo mai tsabta sosai na iya cin GB 3 a awa. Talabijin da ake kallo awa uku kullum zai ci GB 9 a rana, wato GB 270 a wata, kafin a lissafa wayoyi. Idan aka sauke ingancin zuwa matsakaici, mai cin kusan GB 1 a awa, lissafin ya koma GB 90. Gidan da ya sayi tsarin GB 100 ya bar talabijin a kan mafi girman inganci, datarsa ba za ta kai rabin wata ba.

Wajen kwatanta farashi, kuɗin shekara guda ake dubawa. A ƙaddara rauta naira 30,000 ce, kuɗin wata 25,000: shekara ta kama 330,000. A ƙaddara jawo fayiba 100,000 ne, kuɗin wata 18,000: shekara ta kama 316,000. Waɗannan lambobi na misali ne kawai, amma sun nuna yadda abin da ya fi tsada a ranar farko zai iya fin sauƙi kafin shekara ta zagayo.

Maganar wuta

Tsohon tarho yana da wata baiwa da ba a cika tunawa ba. Wutarsa daga ofishin kamfani take zuwa ta cikin wayar jan ƙarfen, kimanin bolt 48, daga manyan batura. Shi ya sa yake aiki ko gari ya yi duhu. Fayiba gilashi ce, ba ta ɗaukar lantarki. Da an ɗauke wuta, ONT da rauta sun mutu, intanet ya tafi, duk da cewa hasken yana nan yana isowa bakin bango.

An yi sa'a na'urorin ba su da ci. Rauta ta gida takan ja wat 5 zuwa 15. Mai jan wat 10 tana buƙatar wat-awa 80 don ta yi awa takwas. Akwai ƙananan batura da aka ƙera don rauta, waɗanda ke karɓar aiki nan take idan wuta ta tafi. Fawa-bank mai mAh 20,000 tana ɗauke da kusan wat-awa 74 a rubuce, kuma da wayar da ke ɗaga bolt 5 zuwa 12 za ta iya riƙe irin wannan rauta awa biyar zuwa shida. Kafin a jona komai, sai a karanta abin da ke rubuce a jikin cajar rautar, domin bolt ɗin da ya wuce ƙa'ida ƙona ta zai yi.

Farantin Starlink na gida yana jan wat 75 zuwa 100. Idan zai kwana ya wuni a kunne, kusan kilowat-awa 2 ke nan a rana. Wannan aikin sola ne da inbata, kuma dole kuɗinsu ya shiga lissafin tun farko.

Kira idan babu tarho

Yawancin gidaje salula da WhatsApp sun ishe su. Shago ko ofis da ke son lamba ta dindindin zai iya karɓar layin murya ta intanet daga kamfanin da ke bayarwa. Abin lura shi ne irin wannan layi yana mutuwa tare da rauta. A Birtaniya wannan ya zama babbar damuwa saboda tsofaffin da ke zaune su kaɗai, har hukumar Ofcom ta wajabta wa kamfanoni su samar wa masu dogaro da layin gida hanyar kiran agaji ta aƙalla awa ɗaya idan wuta ta ɗauke.

Darasin ya shafi kowa. Gidan da ke da tsoho, mara lafiya ko mai ciki bai kamata ya dogara da hanya ɗaya ba. A ajiye ƙaramar waya mai riƙe caji, da layin kamfanin da ya bambanta da na intanet ɗin gidan, da ɗan kati a ciki. Lambar agajin gaggawa a Najeriya ita ce 112. Ko manyan hanyoyi ma suna yankewa: a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da bankuna. Kiran murya na cikin gida bai dogara da waɗannan wayoyi ba.

Inda ake ajiye rauta da yadda ake tsare ta

Sau da yawa laifin da ake ɗora wa kamfani na wurin ajiye rauta ne. Ta fi aiki a tsakiyar gida, a wuri mai tsayi, nesa da ƙarfe da bayan talabijin. Mai kamo 4G ko 5G kuma ta fi son kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis. Zangon gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango da tafiya nesa, na 5 ya fi sauri amma a kusa. Gida mai sassa da yawa yana buƙatar ƙarin na'ura da za a ja mata waya zuwa sashen da ke nesa.

Kalmomin sirri biyu ne ke buƙatar canji a ranar farko: na Wi-Fi, da na shiga saitin rautar kanta, wanda da yawa ke zuwa da kalma ɗaya da kowa ya sani. A zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, a buɗe wa baƙi layinsu daban idan rautar tana da shi. Datar da ke ƙarewa ba dalili, wani lokaci maƙwabta ne suke sha.

Kafin a biya kuɗi

Gani ya kori ji. A tambayi maƙwabcin da ke amfani da kamfanin, a gwada saurinsa da manhajar Speedtest ko shafin fast.com da misalin ƙarfe tara na dare. Wanda zai sayi rauta mai SIM ya fara gwada layin kamfanin a wayarsa a cikin ɗakin da za a ajiye ta. Sannan a nemi amsa a rubuce kan waɗannan: nawa ne saurin turawa, a wane adadin data ake rage sauri kuma zuwa nawa, na'urar ta mai saye ce ko ta kamfani, tana karɓar layin wani kamfani ko a kulle take, kwana nawa gyara ke ɗauka, kuma ana mayar da kwanakin da aka yi babu sabis. Idan an kai ƙorafi kamfani bai saurara ba, hukumar NCC tana da lambar kyauta ta 622.

Mai gidan kansa a unguwar da fayiba ta iso, ita ta fi masa, tare da ƙaramin batir da layin salula na ko-ta-kwana. Ɗan haya ko ma'aikacin da ake yawan canza wa gari, rauta mai SIM ta fi dacewa da shi. Ofis ko shagon da ke ganin turken kamfani daga rufinsa zai iya ɗaukar eriya. Wanda ke inda babu ko ɗaya, tauraron ɗan'adam ne mafita, matuƙar ya fara tanadar wutar da za ta riƙe shi.